Shaddar da Baba Bai Auna Ba

Na sha ba 'ya'yana labarin Iya, kakata ta wajen uba, da tatsuniyoyin da take yi mana a bakin murhu. Akwai guda ɗaya da ban taɓa ba su ba, domin a kaina aka yi ta. Yau zan rubuta ta tare da laifin da ya jawo ta. Allah Ya yafe mini.

A Birik muka tashi, wato Briqueterie ta Yawunde, zamanin shugaban ƙasa na farko. Gidan haya ne, ɗaki uku na jar ƙasa da rufin kwano, shagon ɗinkin Baba yana bakin hanya. Madafar kuwa rumfa ce a bayan gida. Da damina, idan ruwa ya hana kowa fita, nan muke taruwa ni da ƙannena biyu, Hadiza da Balarabe, Iya tana juya masara a kan garwashi. Ni ne babba, ni take kira maigida, irin wasan kaka da jika. "Maigida, yau ma ba cefane? To matso mini da itacen can, ko shi ka yi." Idan za ta fara sai ta ce, "Ga wata nan ta iso, mai kunne ya ba ta wuri."

Shekarar da nake magana a kai, ina da shekara sha biyu, ƙaramar Sallah ta faɗo daf da komawa makaranta. Duk iyayen unguwa suna kuka: ga kayan Sallah, ga tenu, wato kakin makaranta, ga littattafai. Namu ya fi na kowa. Shekarar da ta gabata an yi wa mahaifiyarmu, Inna, aiki a asibiti. Baba ya ci bashin jaka arba'in ta sefa a wajen Alhaji Ɗanlami mai shagon yadi, ya ba da keken ɗinkinsa jingina. Keken yana hannunmu, amma Sallah ce wa'adi, kuma da sauran jaka goma sha biyar. Kullum da dare Baba yakan juye aljihunsa a kan tebur ya raba cikin gwangwanin madara uku: na cefane, na haya, na Alhaji. Tufafi ba su da gwangwani.

Ya tara mu ya ce, "Bana ba sabon kaya. Zan sake muku kalmasa."

Haka yake mana ɗinki, yana barin kalmasa mai faɗin yatsa huɗu, duk shekara ya warware kaɗan don tsawo ya ƙaru. Sai dai shaidar tsohon ninki ba ta gogewa. Wandona yana da layi biyu, sama ya koɗe, ƙasa sabo. A aji suna ce mini mai bene biyu. Ɗan tela guda, ubansa yana ɗinka wa rabin unguwa, shi zai je idi da tsohon kaya. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da bashin.

Azumi yana da kwana goma Alhaji ya kawo farar shadda, a yi wa 'ya'yansa huɗu kaftani. Ya ce a cire ladan ɗinkin daga bashin, sauran kuma zai ɗaga wa'adi zuwa babbar Sallah. Al'adar teloli ita ce a auna yadi a gaban mai shi kafin ya juya baya. Ina zaune ina ɗinka maɓalli, na ga hannun Baba ya kai ga abin awon da ke wuyansa, sai ya sauke.

Alhaji ya ce, "Yadi goma sha shida ne. Auna mana, Malam Habu."

Baba ya ce, "Haba Alhaji, ni in auna kayanka? Ai sai kunya ta kashe ni."

Wanda ake bi bashi ba ya iya auna yadin mai binsa. Na ga haka, na kuma gane cewa in ya ragu ba mai shaida. Kwana biyu bayan haka, Baba yana masallaci sallar la'asar, na ɗauki babban almakashinsa na yanke yadi uku. Ina azumi na yi wannan. Na kai kasuwar Mokolo, wani mai gwanjo ya karɓa ya ba ni wando mai faɗin ƙafa, irin wanda samari ke yayi, da riga mai furanni. Na ɓoye su a ɗakin Iya, cikin tsohuwar kwallarta da ke ƙarƙashin gado.

Baba ya yanka kaftani uku, ya zo na huɗu shadda ta ƙare. Ya zazzage shagon kaf. Ya tambayi Inna, ya tambaye ni, na ce ban gani ba. Da Alhaji ya zo, maganar ta fito har titi, masu suya da masu shayi suka taru.

Alhaji ya ce, "Na ce ka auna ka ƙi. Ashe da dalili. Kunya ce ta hana ka, ko shiri?"

Baba ya ce, "Wallahi Alhaji, ko zare ban ɗauka ba."

"To ni na ɗauka ke nan? Na yi niyyar ɗaga maka ƙafa, amma ba na ɗaga wa ɓarawon yadi. Kuɗin yadi uku ya hau kan na da. Sallah da kwana biyu, ko kuɗina ko keke."

Daren nan Baba bai sha ruwa da kirki ba. Bayan asham aka tsuge da ruwa. Muna madafa, muna jin tafiyarsa a shago, ya je ya dawo. Iya ba ta gasa masara ba. Ta zauna tana kallon wuta, sannan ta fara ba tare da kiran mai kunne ba.

Ta ce akwai wani masaƙi da ɓera ke zaune a ɗakinsa. Bai taɓa korarsa ba, har ragowar tuwo yake ajiye masa. Wata mata ta kawo zare a saƙa mata zane. Lokacin sanyi ne, ɓera ya duba raminsa ya ga ba shimfiɗa, sauran ɓeraye suna yi masa dariya. Sai ya ja zaren matar ya kai rami, ya ce a ransa, zare da yawa haka, wa ya ƙirga? Zane ya fito guntu. Matar ta tara jama'a ta ce masaƙi ɓarawo ne, gobe za a zo a kwashe masaƙarsa. Masaƙi ya kwana yana rantsuwa. Ɓera yana cikin rami yana jin komai, ga shimfiɗa mai laushi, amma ya kasa kwanciya a kanta.

Nan ta tsaya. Ruwa yana dukan kwano.

Hadiza ta ce, "Iya, sai me ya faru?"

"Ban sani ba. Ƙarshenta yana wajen ɓera, bai aiko mini ba tukuna."

"Ya mayar da zaren mana!"

Balarabe ya ce, "A kawo kyanwa."

Iya ta juyo ta dube ni. "Kai fa? Ba ka ce komai ba."

Na ce, "Ai ɓera ba ya magana."

Ta ce, "A tatsuniya yana yi."

Da Inna ta kira ƙannena su kwanta, na miƙe zan bi su, Iya ta ce, "Sa'idu, zauna." Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba.

"Yau na buɗe kwallata," in ji ta.

Na fara kuka ina cewa tsinta na yi. Ta ɗaga mini hannu.

"Kada ka ƙara wata a kan waccan. Alhaji ba kuɗin yadi ne ya ƙona shi ba, gani yake an raina shi. In ya ji yaro ne ya yi, zai huce, keke ya tsaya. Ni ba zan faɗa ba. In daga bakina mai shagon can ya ji," haka take kiran Baba, don ɗan fari ne ba ta faɗin sunansa, "zai samu kekensa, amma ba zai ƙara yarda da kai ba. In daga bakinka ya ji, zai dake ka, ya wuce. Kana da kwanaki kafin Sallah."

Sau uku ina zuwa ƙofar shago da maganar a bakina. Na farko na tarar yana ƙirga kuɗin gwangwanin Alhaji, na koma. Na biyu ya ɗago ya ce, "Sa'idu, ka ci abinci?" sai na ce ruwa na zo kawo masa. Na uku daren Sallah ne, yana warware kalmasar kaftanina na bara da reza, a hankali don kada ya huda. Ba dukan nake tsoro ba. Yadda zai dube ni ne na kasa ɗauka. Kowane dare Iya tana zama a bakin murhu, Hadiza ta tambayi ƙarshen tatsuniya, ta ce, "Bai aiko ba."

Wandon ban taɓa sa shi ba ko sau ɗaya. Ina zan sa shi a ce wa ya saya mini? Na ɗaure shi da dutse na jefa a rafin da ke gangaren unguwa. Sallah da kwana biyu samari biyu suka turo kurar ɗaukar kaya suka ɗora keken. Baba ya taya su ɗaurewa don kada kan keken ya bugu. Shekara shida ya yi yana ɗinkin lada a shagon wani a unguwar Ekoudou kafin ya sayi wani keken. Iya ta rasu a ta huɗu. Har ta rasu, a gaban mutane ta ci gaba da ce mini maigida, amma in mu biyu ne, Sa'idu.

Na daɗe ina jin haushinta, ina cewa da ta faɗa da keken bai tafi ba. Wannan ma wani laifin ne, neman wanda zan ɗora wa nawa. Sai da na yi iyali, bashi ya hau ni, na ce wa ɗana bana ba sabon kaya, na ga yadda ya dube ni, sannan na kasa barci. A da na ɗauka tatsuniyar a kan sata take. Yankan yadin bai ɗauke ni minti ɗaya ba, kuma aikin yaro ne. Shirun kuwa kullum da safe nake sabunta shi, har na yi gemu.

Na sami Baba a zaure, idanunsa sun riga sun tafi, ba ya gani. Na durƙusa na faɗa masa duka. Ya shafa gwiwarsa.

"Kai ne?"

"Ni ne, Baba."

"Keke ba komai ba ne, na yafe maka. Amma Sa'idu, shekara ashirin da biyu ina riƙe da Alhaji Ɗanlami a zuciyata. Na yarda guntuwar shadda ya kawo da gangan don ya raba ni da keke. Na faɗa wa mutane haka. Ranar da ya rasu ina jin salati, na rufe ƙofa na ƙi fita jana'izarsa. Kai ka same ni da rai. Ni fa, wa zan samu?"

Ya lalubi sandarsa ya miƙe.

"Babban ɗan Alhaji yana nan a shagon yadin. Kama hannuna. In mun je, ni zan fara magana, sannan kai."