Ranar da Koci Haliru Ya Ari Gonar Babana

Jama'a, labari ya same ni da safiyar nan ina tsaka da shan koko, har sai da na ƙware. Koci Haliru ya ajiye usur.

Kafin wani ya fara rubuto min innalillahi a kwament, a kwantar da hankali. Yana nan da ransa, lafiyarsa ƙalau, ritaya ya yi zai koma gida Dodoru. Ni dai na ce ba zan jira sai mutum ba ya ji sannan in yabe shi ba. Yau zan faɗa, yana ji yana gani, ko da zai kira ni ya zage ni.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne mataimakin kocin ƙungiyar ƙwallo ta kwalejin da na yi a Kalgo. Ɗan baya ne a zamaninsa, gwiwa ta tsayar da shi, sai ya koma bakin layi. Manyan koci sun zo sun tafi, wani ya samu ci gaba, wani an yi masa canji, shi kuwa yana nan da jakar ƙwallaye a bayan tsohon babur ɗinsa. Mu da muka wuce ta hannunsa yanzu har da masu furfura.

An taɓa yi masa tayin kujerar babban koci. Ya ce, "A bar ni inda nike. Babban koci ƙwallo shika kallo, ni kau yara nika kallo."

Kuma gaskiya ya faɗa. Ana tirenin zai kira ka gefe ya ce, "Kai, ba ka karya ba ko?" Ka ce ka karya. Ya ce, "Ƙahwahunka sun ce ƙarya kakai." Sai ya zaro ƙosai a leda daga aljihun wandon tirenin. Wallahi ban san irin aljihun nan ba, ƙosai bai taɓa ƙarewa a cikinsa ba.

Shi ke ɗinke mana raga. Shi ke zana layin fili da toka in fenti ya ƙare. In an ci kofi aka taru hoto, to shi ne zai karɓi waya ya ɗauka, shi ya sa duk hotunanmu babu shi, sai dai wani lokaci ka ga ɗan yatsansa a gefe.

Watan jiya na biya ta Kalgo na tarar da shi a fili yana ɗingishi yana yi wa yara ihu. Ya kalli tumbina ya ce, "Sanusi Gola! Yanzu kam ko ba ka yi tsalle ba ka cika raga." Muka yi ta dariya. Da zan tafi ya ce, "Gwiwar ga ta ce ta gaji da ni." Ban ɗauke ta da nauyi ba, ashe sallama yake yi.

To ga abin da ya sa nake wannan dogon rubutu. Ba don mutumin nan ba, da ban gama kwaleji ba.

Shekarata ta ƙarshe ce a kwaleji, damina ta kankama, jarrabawa na tafe, ga kuma wasan kusa da na ƙarshe na gasar kwalejoji, ni ne gola. Sai saƙo ya zo daga gida Maruda. Ciwon baya ya sa Baba gaba, yayana ya tafi ci-rani kudu bai dawo ba, ciyawa na neman cinye gero. Dama Baba bai taɓa yarda da ƙwallo ba, a wurinsa wasan marasa aikin yi ne. Saƙon gajere ne: in tattaro kayana in dawo, karatun da ya koma guje-guje a fili ya ishe shi haka.

Wanda ya san Babana ya san ba ya magana biyu. Kuma ban ga laifinsa ba, in gero ya lalace gidanmu babu abin ci sai wata shekara. Na ɗaure jaka, na je na yi wa Koci Haliru sallama, na faɗa masa saƙon Baba. Bai ba ni haƙuri ba, bai ce kada in tafi ba. Ya ce, "Tahi. Uba ya kira, ba a tsayawa shawara." Ya tambaye ni wace gona ce, ta wane gefen gari. Na faɗa masa, na tafi ina jin haushinsa a raina. Na ce ashe duk ƙaunar ta ƙosai ce.

Ranar Asabar da hantsi ina gona ni kaɗai, Baba na zaune gindin bishiya a kan buzu yana nuna min da sanda, sai ga bas ɗin kwaleji tana tangaɗi a kan hanyar shanu. Ta tsaya. 'Yan ƙungiya suka yi ta dirowa cikin jesi, kowa da fartanya a kafaɗa, wasu ma a juye suka riƙe ta.

Murna ta kama ni, amma ina waiwayawa na ga fuskar Baba a murtuke.

'Yan birni ba za su gane ba, bari in yi bayani. Gayya mai gona ke kiranta. Shi zai aika, shi zai sa rana, shi zai ciyar da duk wanda ya zo har ya ƙoshi. Ka kwaso mutane ka faɗo wa dattijo gona bai kira ba, kamar ka shelanta wa gari ne cewa ya gaza. Ga shi tsakiyar damina, rumbunmu ya yi ƙasa, abin da za a ba wannan runduna babu shi. Maƙwabtan gona har sun fara ajiye hauya suna leƙe.

Baba ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar. Ya ce, "Wa ya kira gayya nan?"

Koci Haliru ya cire hular tirenin, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya zo ya durƙusa da gwiwar nan tasa mai ciwo. Ya gaishe shi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi jiki, ya tambayi ruwa, ya tambayi iyali. Sannan ya ce, "Baba, ba gayya munka zo ba. Roƙo munka zo. Hilinmu na Kalgo ruwa ya kwanta, ga wasa gabanmu, yaran ga kau duk sun yi taushi. An ce man babu abin da ka ƙarhwahwa ƙugu kamar noma. Ka ara muna gonarka mu yi tirenin, in ba mu takura ma ba."

Ya ɗaga murya yana faɗa, yadda maƙwabta za su ji.

Baba ya dube shi, ya dubi bas, ya dubi ciyawa. Can ya ce, "To. Tunda roƙo kunka zo, ba a hana baƙo. Amma wanda duk ya ɓata man gero, ni da shi."

Ya koma ya zauna yana gyara riga, irin zaman wanda ya yi wa mutane alfarma.

Kai jama'a, ranar na ga abin dariya! Koci ya jera mu kamar za a take wasa, 'yan baya a gefe guda, 'yan tsakiya a gefe guda, ya busa usur. Waɗanda suka tashi a ƙauye suka yi gaba. 'Yan birni kuwa sai addu'a. Kabiru Lamba Tara, ɗan gaban da duk kwalejoji ke tsoro, ɗan cikin Birnin Kebbi ne, bai taɓa riƙe fartanya ba. Ya duƙa da ƙarfinsa yana aiki, gumi na zuba, ya wuce kowa. Da aka duba layinsa, bawan Allah ya share gero tas ya bar ciyawa tsaye reras.

Baba ya yi salati. Koci ya busa usur da ƙarfi, ya zaro jan kati daga aljihun ƙosai ya ɗaga masa. Aka kore shi daga gona zuwa ɗebo ruwa. Kabiru na tafe yana rantsuwa wai duk kore ne, ta ina zai bambance. Nan na ga abin da na daɗe ban gani ba, Baba yana dariya har yana riƙe baya yana cewa, "Wayyo, ku bari, ciwo nika yi!"

Daga nan fa ya karɓe aikin koci. Yana daga zaune yana nuni da sanda: "Kai mai lamba huɗu, sassauta hannu! Wancan dogon, duƙa da kyau, ba ruku'u anka ce ka yi ba!" Koci Haliru ya koma mataimakinsa, yana maimaita umarni yana busa usur. Ko a gonar ma na biyu ya zaɓa.

Ni kuwa duk dariyar nan hankalina na kan abu ɗaya. Rana na yin tsaka dole a fito da abinci, in ba a fito da shi ba duk wannan dabara ta rushe, gari ya samu abin faɗa.

Azahar ta yi muka yi salla a bakin gona. Muna sallamewa sai ga mata daga gidanmu da ƙore a kai, fura damammiya da nono, mai yawa, har da ta maƙwabta. Na ruga na tari Inna, na ce a hankali, "Inna, ina kunka samo wanga?" Ta harare ni ta ce, "Sha ka yi kurum." Sai da na nace ta raɗa min cewa matar kocinmu ce ta zo daga Dodoru tun da safe da gero da nono, ta shigo a matsayin mai gaishe da marar lafiya, suka daka tare.

Aka ajiye ƙore a gaban Baba, shi ya yi bisimilla ya raba da hannunsa. Koci ya sha ya ce, "Baba, mun gode da karamci." Yaran suka amsa gaba ɗaya. Maƙwabci ɗaya ya ce lalle gidan Baba ba a rasa hatsi.

Kafin la'asar sakaliya gona ta fita fes, in ka cire layin Kabiru.

Amma fa har lokacin ba wanda ya ta da maganata. Koci bai ce uffan ba a kan komawata, ko da wasa. Yara suka shiga bas, ni ina tsaye da fartanya a hannu, ban san ko ni ɗan kwaleji ba ne ko na gama. Baba ya ce a kama shi ya taka wa baƙi. Da suka kai bakin mota ya riƙe hannun Koci, ya rage murya, ni kaɗai ke kusa.

Ya ce, "Malam Haliru, ni manomi na. Hurar da munka sha yau ba geron rumbuna ba na, na san ɗanɗanon abina. Kuma hilinku ruwa bai kwanta ba."

Koci ya sunkuyar da kai.

Baba ya ce, "Mutumin da ya san yadda aka ruhwa ma tsoho asiri gaban ɗanai da maƙwabtanai, ba shi lalata ɗan mutane. Tahi da shi. Shi yi karatunai, shi yi ƙwallonai."

Ya juyo ya daka min tsawa: "Kai kuma mi kaka jira? Aje man hwartanya ka shiga mota!"

Na shiga da taɓo har gwiwa, ko jakata ban ɗauko ba. Daga Maruda har muka wuce Gwandu ina kuka yara na waƙa suna tsokanata, ban ji kunyar kowa ba.

Wasan kuwa kada ku tambaya. An ci mu, kuma ta tsakanin ƙafafuna ƙwallon ta wuce, duk ƙungiya hannu ya yi kanta, ƙugu ya ƙage. Amma na zauna jarrabawa, na fito da takardata, yau ga ni ina koyar da 'ya'yan wasu. Geron waccan shekarar kuma ya kai mu har wata kaka.

Koci, na san za a nuna maka wannan, kuma na san za ka ce na cika surutu. Na yarda. Ina ƙaunarka saboda Allah, kuma duk abin da na zama da hannunka a ciki.

Ya Allah, yadda bawanka Haliru ya rufa wa mahaifina asiri, Ka rufa masa nasa duniya da lahira. Ka ba gwiwarsa sauƙi, Ka cika rumbunsa, Ka ba shi tsawon rai mai albarka a cikin iyalinsa, Ka sa 'ya'yansa su samu mai tsaya musu yadda ya tsaya wa 'ya'yan mutane.

Duk wanda ya karanta har nan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, don Allah kada ka wuce da laik kawai. Ɗaga hannu ka sa masa albarka, yana raye zai ji daɗinta.