Wa ya kwance wa Baba Manu agogo?

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin wanke babur da safen nan aka bugo mini waya cewa Baba Manu ya rasu. Jiya da la'asar aka tsince shi kwance a gefen hanyar Zauro. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.



Shi ne ogana na farko a ma'aikatar gona, lokacin jihar Kebbi tana sabuwa, mu huɗu a teburi guda. Shi ya koya mini rubuta wasiƙar ofis. Duk kaka sai ya aiko wa iyalina shinkafar gonarsa, ko bayan ya yi ritaya bai fasa ba.

Shekarun nan mantuwa ta kama shi. Sai ya ɗora ruwa a kan gas ya fice, ko ya yi azahar sau biyu. Amma ya ƙi barin gidansa na Birnin Kebbi ya koma wurin kowa. Shi ne 'yarsa Hadiza da ke aiki a Abuja ta kawo masa akwatin magani mai magana idan lokacin sha ya yi, da na'ura mai kashe gas, da agogon hannu mai nuna mata inda yake a wayarta. Gaskiya sun taimaka. Da agogon nan aka taɓa gano shi a tashar Argungu, bai san me ya kai shi ba.

Shi dai bai taɓa yarda da su ba. Sai ya rufe akwatin da darduma kafin mu gaisa. Cewa yake danginsa ne ke saurarensa ta cikinsu, suna neman shaidar ya zautu don su raba fadamarsa ta Zauro. Mu kuma mu ce ciwon ne.

Juma'ar da ta wuce na je gaishe shi. Ya miƙo mini hannu ya ce, "Sani, kwance min abin ga. Ni ba akuya ba ne da za a ɗaure."

Ya gwada a gabana, yatsunsa suka kasa. Dama an yi maɗaurin ne yadda ba zai iya ba.

Na ce, "Baba, don lafiyarka aka sa."

Ya janye hannunsa ya ce, "Ashe kai ma kana cikinsu." Duk da haka sai da ya rako ni ƙofa.

Ɗazu Hadiza take gaya mini cikin kuka cewa jiya wuni guda wayarta tana nuna mata yana gida. An samu agogon a durowa, ƙarƙashin hulunansa. Ba yanke shi aka yi ba, kwance shi aka yi a natse. Wata maƙwabciya ta ce ta ga mota a ƙofar gidan da hantsi, ba ta lura da ta wane ne ba.

Ban ga kowa ba, kuma ba zan kama sunan kowa ba. Wataƙila wani ne ya tausaya masa ya yi abin da ni na ƙi yi. Wataƙila kuma dattijon ya fi mu sanin abin da yake faɗa.

Allah Ya ga hannun da ya kwance, Ya kuma san nufinsa.

Allah Ya jiƙan Baba Manu, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Hadiza haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. Ni ma ku roƙa mini, ya tafi yana zargina.