Makiyayi da Rigar Matarsa

A gidansu har yau akwai wata riga shuɗiya da ke rataye a bayan ƙofar ɗaki, mai tambarin dutsen guga a gadon baya, har ramukan tururi sun fito reras kamar an zana. Rigar matarsa ce, shi ya ƙona ta, kuma duk wanda ya san Makiyayi da wannan rigar ya fara saninsa.

Bai taɓa kiwon ko akuya ba. Abokan aiki ne suka laƙaba masa sunan, domin a jami'ar da yake aiki shi ke kula da sabar, wato babbar kwamfutar nan da ke kulle a ɗaki mai sanyi, wadda malamai da ɗalibai ke tura wa ayyukansu daga nesa. Kowane aiki yana cin rabonsa na ƙarfin injin da na memori, wato wurin da injin ke riƙe aikin da yake yi, shi kuwa aikinsa ya san wa ke ci, nawa yake ci, kuma na wane ne. Matarsa ta daɗe tana jin wannan bayani ta kunnen dama yana fita ta hagu. A ganinta mijinta mutum ne mai kallon baƙin allo ana biyansa albashi.

Ran da abin ya faru, Asabar ce da hantsi. Za ta je duba ƙanwarta da ta haihu, shi kuma don neman suna ya ce ta bar masa gugar. Tana banɗaki ta ji wayarsa ta yi ƙara sau ɗaya, ashe saƙon gargaɗi ne daga sabar. Da ta fito, ƙauri ya cika falo. Ga dutsen guga kwance a kan rigarta yana hayaƙi, ga maigida a gefen tebur ya buɗe kwamfutarsa, ko hancinsa bai motsa ba.

Ta zare wayar dutsen daga bango, ta ɗaga shi, ta buɗe baki za ta zazzage masa kwandon magana. Sai ta ga fuskarsa, ta fasa.

"Baban yara, lafiya?"

"Zo ki gani," ya ce, bai waiwayo ba.

Ya rubuta kalma ɗaya, top, allon ya cika da layuka. Kowane layi da lambarsa, da sunan mai shi, da abin da yake ci. Layukan ba sa zama wuri ɗaya: wannan ya hau, wancan ya sauka, kamar garke a bakin rijiya. Ya danna wani harafi, suka jeru daga babban maciyi zuwa ƙarami.

"Na saman nan na wata ɗaliba ce mai digirin ƙarshe. Lissafin ambaliyar ruwa take yi, tun kafin a yi hutu yake gudana, kuma irin wanda in ya tsaya sai dai a faro daga farko. Memori ya kusa cika. In ya cika, injin ba ya shawara da kowa, wanda ya fi ci yake kashewa."

"Wato nata."

"Nata. Kuma lokacin miƙa aikinta ya zo."

"To ai ita ce mai haɗamar."

"A'a. Babba ne, amma dubi lambarsa, ba ta motsi. Ya ci iya cikinsa ya tsaya. Ɓarawon yana ƙasa."

Ita ba ta ga komai ba sai lambobi na rawa. Shi kuwa yatsansa na bin layuka a hankali, har ya tsaya a kan wani ɗan ƙaramin aiki can tsakiya. Ya ce ta zuba masa ido. Allon ya sabunta, lambar ta ƙaru kaɗan. Ya sake sabuntawa, ta sake ƙaruwa. Injin yana can ƙetaren gari a bayan ƙofar ƙarfe, amma ga mijinta a falo cikin singileti yana jin numfashinsa kamar likita ya ɗora kunne a ƙirjin yaro.

"Kashe shi mana," ta ce, ta manta da riga sarai.

"Ba a yanka dabbar mutum ba a tambaye shi ba."

Ya rubuta wani ɗan umarni, aikin ya daskare a inda yake, bai mutu ba, bai kuma ƙara ci ba. Sannan ya kira mai shi, wani dattijo mai kula da ɗakin karatu.

"Ranka ya daɗe, ɗan maraƙinka ya shiga gonar mutane."

Dattijon ya yi dariya, ya ce jerin tsofaffin takardu ne kawai, a kashe, zai sake kunnawa ran Litinin. Makiyayi ya kashe. Lambar memori ta sauko kamar zazzaɓi ya saki mutum, layin ɗalibar kuwa yana nan a sama yana aikinsa, bai ma san an yi ba.

Sai a lokacin ya shaƙi iska, ya yamutsa fuska.

"Wai me ke ƙauri ne a gidan nan?"

Ɗalibar ta gama, ta miƙa aikinta a kan kari. Ba ta san labarin ba, domin shi ba mai faɗa ba ne. Matar ce ta ƙi yar da rigar, kuma tun daga ranar, in ta ga ya buɗe baƙin allo, takan kori yara waje da kanta.

Ƙanin matar dai ba ya barin zancen ya huce. Duk zuwansa sai ya ɗauko rigar ya baje ta a kan kujera.

"Yaya, kai da ke kiwon ɗaruruwa a ƙetaren gari, dutsen guga ɗaya a gaban hancinka ya gagare ka?"

Makiyayi yakan dubi tambarin ya jinjina kai.

"Laifinsa ne. Da ya nuna min nawa yake ci, da na tsayar da shi."