Casa'in da Biyar a Rana ta Uku

Yayata matsoraciya ce, ba zagi ba. Tun muna yara sai ta kulle ƙofa, ta yi taku goma, ta dawo ta jijjiga kwaɗon. Ga shi Allah ya haɗa ta da aikin da ba ya barin zuciya ta kwanta: a kamfanin da ke sayar da takalma ta intanet, ita ke gwajin shafuka. Ana raba masu shiga shafin gida biyu, rabi su ga tsohon shafi, rabi su ga sabo, ita kuma ta faɗi wanda ya fi sa mutane saye.

Teburinta na jikin na wata dattijuwa da kowa ke kira Inna Mai Waya. Shekara tara tana amsa kiran masu saye, lambar wayarta ce a saman shafin da manyan baƙaƙe. Ita ke ajiye wa Yaya ruwan zafi a fulas.

Sai manaja ya ce a gwada shafi marar lamba. In ciniki ya fi tafiya a haka, to teburin waya ba shi da amfani. Aka yanke gwajin zai yi kwana goma sha huɗu.

Yaya kuwa ina ta iya haƙuri! Kullum sai ta leƙa sakamakon sau ashirin. A rana ta uku ma'aunin tabbaci ya taɓa casa'in da biyar cikin ɗari, matakin da ake cewa an tabbata, sabon shafi a gaba. Ta ɗago, sai ga manaja tsaye a bayanta.

"Ya ci ke nan?"

"Alama dai, ranka ya daɗe…"

"Eh ko a'a?"

"Eh," in ji ta. Kafin a tashi an miƙa wa Inna takardar sallama, ƙarshen wata.

Da ta dawo gida na ce to mene ne na rawar jiki, ba lissafi ne ya faɗa ba? Ta ce, "Ke ba ki gane ba. Ko da shafukan ƙarfinsu ɗaya, sau ɗaya cikin ashirin za a ga rata irin wannan don dace kawai. Wannan ma in an jira ranar da aka yanke ne. Mai leƙe kullum, dole wata rana ya faɗa kan lambar da ta yi tsalle."

Gwajin bai tsaya ba, don ba wanda ya tuna ya kashe shi. Rana ta shida, tamanin da ɗaya. Ta goma, saba'in. Yaya ta daina cin abinci. Na ce ta je ta faɗa masa. Ta ce mutumin da ya riga ya yi shela a taro? Ita zai kora, wa zai riƙe mu da Mama? Wallahi na ji haushinta, amma ni ma tsoron ya kama ni, don a hannunta muke ci.

Ranarta ta ƙarshe a wurin aiki Inna ta zuba tarkacenta a leda, ta jawo kujera kusa da Yaya. A allon kwamfutar sittin da takwas ne. Yaya ta yi maza ta rufe.

"'Yata, ke ce mai ilimin abin nan," in ji Inna. "Yarana na cewa ƙiyayya ce aka yi min. An dai tabbata ko? In lissafi ne, sai in kwantar musu da hankali."

Yaya ta danne murfin kwamfutar da hannu.

"An tabbata, Inna."

Dattijuwar ta sauke ajiyar zuciya, ta dafa mata kai. "To alhamdulillahi. Na san ke ba za ki bari a zalunce ni ba. Allah ya yi miki albarka."

Yaya ta ce amin.