Fuskar da Ruwa Ya Fito da Ita

Ranar Ƙaramar Sallah ta shekarar da ambaliya ta cinye mana shinkafa, ina aji huɗu a firamare, azahar ta same ni a takure a kusurwar ɗakin maƙwabciyarmu Ya Falmata, na manna bayana da bango, na rungume gwiwoyina har ƙirji. Ɗakin cike yake da matan unguwa da yara, ƙamshin humra da turaren wuta ya gauraye da na soyayyen nama, janareto na ta ƙugi a tsakar gida, ruwan sama kuma na dukan kwanon rufi kamar ana zuba tsakuwa. Kowa ya zuba wa talabijin ido, ni kaɗai ce idona ke bakin ƙofa. Rigar Sallata ta jiƙe sharkaf, kuma a daidai ƙirjina wata fuska ta fara bayyana, fuskar mutumin da a shekarar nan ko sunansa ba a ambata da ƙarfi a Haɗeja.

Ya Falmata Babarbariya ce, iyayenta daga bakin Tafkin Cadi suka zo, mijinta kuwa fataucin bandar kifi yake yi, kuma a duk layinmu gidanta ne kaɗai ke da talabijin da janareto. Kullum bayan azahar ake nuna wani wasan kwaikwayo mai dogon zango. Mu yara ba mu taɓa damuwa da sunansa na gaskiya ba, wasan Ladidi muke ce masa, don ita ce tauraruwar. Ladidi mai sayar da koko ce, ƙanenta ya ɓace a kasuwa tun yana ƙarami, kuma abin da kawai za ta gane shi da shi tabon ƙuna ne a kafaɗarsa ta hagu. Saboda wasan nan nake gama wanke-wanke da ɗibar ruwa kamar ana kora ta. Ko ranar da aka tura mu fadama korar tsuntsaye, muna kaɗa gwangwani muna ihu a kan shinkafa, rabin hankalina na kan inuwa, ina auna ko lokaci ya yi. Idan mun taru yin 'yar carafke a ƙofar gida, kowace so take a kira ta Ladidi. Ana cikin azumi sai ga wani baƙo ya bayyana a wasan, dogo, marar magana, kullum rigarsa a ɓalle har wuya. Aka yi ta ja mana rai da shi, daga ƙarshe aka sanar cewa a shirin musamman na ranar Sallah za a ga kafaɗar baƙon. Wallahi na fi ɗokin wannan shiri fiye da tuwon Sallah.

Amma garin ba lafiya yake ba. A zaɓen da aka yi kafin shekarar nan, kusan duk ƙasarmu, daga Haɗeja har Kirikasamma, jam'iyya ɗaya aka bi, kuma ɗan majalisar da aka zaɓa, wanda kowa ke kira Onarabul, har atamfa ya raba wa mata mai ɗauke da hotonsa, yana murmushi cikin jar hula. Na tuna Inna da ƙawayenta sun yi ankonta, sun yi guɗa. To sai ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, aka yi ta kai kuka ba a ga an taɓuka komai ba, da damina ta yi nauyi kuma kogi ya fasa ya shafe gonaki. Baba ya dawo daga fadama wata safiya da laka har cinya, ya zauna a bakin rijiya. Tun daga nan gari ya juya wa Onarabul baya. Sabon zaɓe ya gabato, mutane suka dinga kwarara zuwa wata sabuwar jam'iyya, samari kuma suka ɗauki gora suna yawo a kan babura suna yage duk hotonsa da suka gani. Jagoransu a unguwarmu shi ne Yaya Bukar, babban ɗan Ya Falmata, wanda a da yake tsinko mana mangwaro.

Da idona na ga abin da suka yi wa Ɗanjuma mai shayi. Muna dawowa daga Islamiyya muka tarar sun zagaye teburinsa, saboda wata tsohuwar kalanda mai hoton Onarabul da ya manta a rataye, wadda hayaƙi ma ya riga ya dusashe. Suka kifar da tukunyar, suka farfasa kofuna, wani ya sauke masa gora a goshi. Jini ya bi ta cikin madarar da ta zube a ƙasa. Ina jin ɗayansu yana cewa, "Duk gidan da muka ga fuskar nan, sai mun sa masa ashana." Maganar ta shige ni, ta zauna. Ɗakunanmu biyu ne, ɗaya ma rufin ciyawa, kuma ƙannena ƙanana ne.

A irin wannan hali Sallah ta ƙarato, gidanmu babu zancen sabon yadi. Ni kuwa yarinta, na tasa Inna a gaba da kuka, kowace yarinya a layi ta kai ɗinki ban da ni. Ran nan ta buɗe adakarta, ta zaro turmin atamfar Onarabul da ya rage mata, sabo fil, ko ruwa bai taɓa gani ba. Irin atamfar nan ce mai arha wadda ake buga wa zane a fuska ɗaya, bayanta kuwa fari-fari ne da ɗan dishi-dishin shuɗi. Inna ta juya ta, ta ɗaga ta a rana, ta ce, "Ai idan aka ɗinka ta a bai-bai, babu mai ganin komai." Ba ta yarda ta kai wa tela ba, don tela bakinsa a kasuwa yake. Da allura da zare ta ɗinka mini riga da zane a ƙuryar ɗaki, ta bi wuyan da wani jan leshi da ta ɓanɓaro daga tsohon ɗankwalinta. Da na saka, Onarabul na ciki yana kallon fatata, duniya kuma na ganin shuɗi mai haske. Ta ja kunnena ta ce ko ƙawata Hajara kada na gaya wa. Inna ta yi lissafin idon mutane da hasken rana. Ruwa ne bai zo mata a rai ba, mu da ruwa ya riga ya gama da mu a shekarar.

Da safe komai ya tafi daidai. Na sha kitso da lalle, na kai tuwon shinkafa da miyar taushe gidajen dangi, har wata gwaggona ta yaba kalar rigar. Da rana ta take sai hadari ya taso daga gabas. Inna ta ce na zauna, na ce yanzu za a fara Ladidi, na fice da gudu. Ban kai rabin layi ba ruwa ya kece. Na isa gidan Ya Falmata ina ɗiga, na kutsa cikin mata na sami wuri, ina dariya ina matse bakin zane. Da na sunkuyar da kai sai muka yi ido huɗu da shi. Jar hular ce ta fara fitowa, sai idanu, sai haƙoran nan farare. Yadin ya manne mini a jiki, duk abin da Inna ta ɓoye ya fito raɗau, ɗaya a ƙirji, ɗaya a kan cinya, kuma na san akwai wani a gadon bayana. Na ja jiki da baya da baya har na dangana da bango.

Ina cikin tunanin yadda zan sulale, sai na ji ƙarar babura a waje. Yaya Bukar ne da abokansa ruwa ya koro. Suka jingina gorori a zaure, suka zo suka cika bakin ƙofar ɗakin, wai su ma sai sun ga kafaɗar baƙo. Cikinsu har da wanda ya fasa wa Ɗanjuma goshi, na gane shi da wushiryarsa. Hanyar fita ɗaya ce, kuma ta tsakaninsu ta bi. A talabijin Ladidi ta yi kwalliyar Sallah, ta kawo wa baƙon abinci, mata na ta "Allah sarki," ni kuwa ba abin da nake gani sai rufin ciyawarmu yana ci da wuta, Inna na fito da ƙannena. Haƙorana suka fara haɗuwa. Na yi ta karanto duk addu'ar da na iya, har da ta shiga banɗaki, don ita ta zo bakina.

Hajara ta juyo ta ce na matso gaba mana, ga wuri ta riƙe mini. Na girgiza kai. Ta miƙo hannu za ta jawo ni, na ƙanƙame gwiwoyina, sai hannuna ɗaya ya zame. Ya Falmata na zaune a bakin gado kusa da ni, ta kalle ni, ta kalli ƙirjina. Na ga lokacin da ta gane. Na tabbata tawa ta ƙare, don uwar Bukar ce, kuma gonar ƙanenta ma ruwa ya ci. Ba ta ko canja fuska ba. Ta warware lafayar da ke jikinta, sabuwa, ruwan goro, ta Sallarta, ta naɗe ni da ita tun daga wuya har ƙafa, tana faɗa da ƙarfi, "Yarinya na rawar ɗari kuna zaune kuna kallon Ladidi! Bukar, zo ka kai ƙanwarka gida, zazzaɓi zai kama ta." Ya ce, "Haba Ya, yanzu fa zai cire rigar." Ta ce, "Da kai nake." A daidai lokacin baƙon ya kai hannu kan maɓallin wuyansa, ɗaki ya yi tsit, ni kuma na bi ta tsakanin ƙafafun samarin nan, ƙamshin humra na bina, ba wanda ya ko dube ni.

A waje layi ya zama rafi, ruwa ja har gwiwar babba. Yaya Bukar na ta ƙunƙuni, ya sunkuce ni ya saɓa a kafaɗa. Muna tsakiyar ruwan ƙafarsa ta zurma a rami, ya yi tangaɗi, lafayar ta zame daga bayana. Ya tsaya cak. Na ji hannunsa ya yi tauri. Ya sauke ni a kan dakalin wani gida, ya juya ni, ya daɗe yana kallon bayana, ruwa na zuba a kanmu. Can ya ce, "Wa ya ɗinka miki?" Na ce Inna. Ya ɗaga bakin rigar ya ga ɗinkin hannu, ya ga yadda aka juya yadin. Ya ce, "Shinkafarku fa, ko kaɗan ba a tsira da ita ba?" Na ce ko kaɗan. Ya waiga wajen gidansu, inda baburan abokansa ke jere. Sai ya ja lafayar ya rufe ni, ya ƙulle ta tamau a wuyana, ya sake ɗaukata. Da muka isa ya yi sallama daga zaure, Inna ta fito, ya ce, "Inna, a canja mata riga, wannan ba ta son ruwa." Ya juya ya tafi.

Inna ta zare lafayar, ta ga abin da ya gani, sai ta zauna daɓas a ƙasa. Ranar ta tura rigar cikin murhu da hannunta, tana yi tana hawaye, har da jan leshin. Duk da haka tsoro bai sake mu ba. Har aka yi zaɓe aka gama, in babur ya tsaya a ƙofar gida sai na ruga bayan Inna, in na ji warin hayaƙi sai na leƙa rufi. Ba wanda ya zo. Inna ta wanke lafayar ta mayar da ita da kanta, suka gaisa da Ya Falmata, suka yi hirar tsadar gero, ba wadda ta ɗago zancen. Hajara ta so ba ni labarin kafaɗar baƙo, na toshe kunne. Ban ƙara taka ɗakin kallon nan ba, ko kiɗan buɗe shirin na jiyo ta katanga sai na shige ɗaki.

Yanzu ni ma ina da 'ya'ya, kowa da wayarsa a hannu, ba mai zuwa gidan wani kallo, shirin Sallah kuma kowa shi kaɗai yake ganinsa a kan gadonsa. Onarabul ya sauya jam'iyya, ya sake sauyawa, har suka haɗu a inuwa ɗaya da mutanen da suka sa a yage hotonsa. A zaɓen da ya wuce na ga Yaya Bukar a kasuwa, furfura ta fara masa, sanye da hula mai ɗauke da fuskar nan, da murmushin da komai. Muka gaisa, ya tambayi Inna. Ɗanjuma na nan da shayinsa da tabonsa a goshi. Ya Falmata ta rasu, Allah ya jiƙanta, an raba gidan, an sa shago a inda ɗakin yake. 'Yata ta ce duk wasan Ladidi yana cikin waya, in ina so ta nemo mini na ranar Sallar nan in ga ko baƙon ƙanenta ne. Na ce ta bar shi. Abin da nake kewa ba ya cikin waya: matar da ta ga abin da zai ƙona gidanmu, ta cire tufar Sallarta ta rufe shi.