Daminar da Babur Ya Kayar da Malam

Muna zaune a Kontagora lokacin, a wani gida mai ɗaki biyu bayan kasuwa. Yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, kuma daga Sakkwato ake aiko wa ma'aikata takardu, don ba a kai ga yanka mana tamu jihar ba. Maigidana, Malam, malamin gona ne. Ofishinsu sun ba shi babur yana zaga ƙauyuka, yana nuna wa manoma yadda ake zuba takin zamani da tazarar shukar gyaɗa. Ni kuwa ina gida da 'ya'ya biyu mata, babbar shekararta uku, ƙaramar tana goye.

Ranar da abin ya faru ƙauyen Kaboji ya tafi. An kwana ana ruwa, da safe gari ya washe, ya sha kunu ya fita. Bayan la'asar ina tankaɗe a tsakar gida na ji mota ta tsaya a ƙofa, sai wata murya da ban sani ba ta yi sallama. Na yafa mayafi na leƙa. Wani dattijo ne Bakambare, gajere, ƙafafunsa duk laka, ya riƙe hular Malam a hannu.

"Ke ce matar malamin taki?"

Na ce ni ce.

"Kada ki ji tsoro, yana da rai. Ya faɗi ne. Yana cikin mota, asibiti za mu kai shi."

Motar itace ce, an kwantar da shi a gaba kusa da direba. Rigarsa ta yage daga kafaɗa har ƙasa, hannunsa na dama duk ya saluɓe, ja wur, ga jar ƙasa da tsakuwa sun manne a ciki. Haka kwatangwalonsa, haka gwiwa, haka tafin hannu. Ya dube ni ya ce, "Ba komai, ƙujewa ce kawai." Amma haƙoransa haɗuwa suke yi.

A hanya dattijon ya ba ni labari da irin Hausarsa. Yana noma a bakin hanya, wata saniya ta ɓalle daga garke ta tsallaka, Malam ya taka birki a kan tsakuwar da ruwa ya kwaso, babur ya zame ya ja shi a ƙasa. Shi da matarsa suka ɗaga babur ɗin daga kansa, suka zuba masa ruwan gorarsu, suka zauna da shi a inuwa har motar nan ta zo.

A asibiti likita ya lallatsa shi ya ce babu karaya, ya sa aka yi masa allura saboda ciwon sandarewa, ya miƙa mu ga malamin da ke wankin ciwo. Wani dogon mutum ne mai furfura a gemu, ba ya yawan magana. Ya wanke hannunsa da sabulu har gwiwar hannu, ya jawo kwano da auduga da hantsaki. Na juya zan fita sai ya ce, "Ina za ki, uwargida? Tsaya ki gani. Gadajenmu sun cika, ba za a kwantar da shi ba. Gobe ke za ki yi wannan aikin."

Na tsaya, goyo a bayana. Ya dinga kwara ruwa yana gogewa, yana tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya yana jefawa a kwano. Malam mutum ne mai dauriya, ban taɓa jin ya ce wayyo ba, amma ranar ya kira sunan Allah har muryarsa ta dushe. Malamin bai sassauta ba. Ya ce duk ƙasar da aka bari a ciki, ita za ta zama mugunya. Da ya gama ya shafa basilin a kan wani yadi mai raga-raga ya shimfiɗa, ya naɗe da bandeji, ya shafa shuɗin maganin nan a ƙananan wuraren. Sannan ya yi mini bayani. In tafasa ruwa, in zuba gishiri kaɗan, in bari ya huce. In wanke hannuna kafin in taɓa. Kada in fizge bandeji idan ya manne, in jiƙa shi har ya saki da kansa. Idan na ga wurin ya kumbura, ko yana wari, ko zazzaɓi ya kama shi, in dawo da shi ba tare da jira ba.

"Kuma kada a barbaɗa masa komai," in ji shi. "Komai na ce."

Ban san cewa abin da na karɓa ke nan na sati shida ba.

Kowace safiya, da na idar da sallah, sai in hura wuta. Itacen damina jiƙaƙƙe ne, sai na yi ta fifita hayaƙi yana cika mini ido kafin ya kama. In ɗora tukunyar ruwan ciwo daban, ta kunu daban. Kafin ruwan ya huce in shayar da ƙaramar, in wanke babbar. Sannan in shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗaki inda haske yake, in taimaka masa ya fito. Kwance bandejin nan shi ne abin da na fi tsana. Ruwan ciwo kan bushe ya manne da yadin, sai in yi ta ɗiga ruwan gishiri, ina jira, ina ja a hankali, shi kuma yana cije leɓe. Hannu kaɗai yakan ci mini kusan awa. Ga kwatangwalo, ga gwiwa. Ƙudaje kuwa kamar an aika musu, da hannu ɗaya nake wanki, da ɗaya nake kora.

Bandejin da aka ba mu ba shi da yawa, dole in wanke, in tafasa, in shanya. Rana ba ta fitowa sosai. Sau da yawa ina shanyawa hadari zai taso, in kwashe a guje in rataya a ɗaki, su kwana da danshi. Daga baya na koma goge su da dutsen guga na gawayi don su bushe. Na yayyaga wani tsohon farin zanena na ƙara.

Hannun dama ne da tafinsa, saboda haka ba ya iya cin abinci da kansa. Ni nake ba shi a baki. Alwala ma ta gagara, sai da ya aika aka tambayo limamin unguwa yadda zai yi. Ba ya iya kwanciya sai ta gefen hagu, kuma zanen gado ko ya taɓa wurin sai ya zabura. Mutumin da ya saba fita tun sassafe ya ga gonaki, ga shi zaune a ɗaki yana jin ruwa na zuba, ya san ana can ana zuba taki ba yadda ya koyar ba. Sai ya zama mai faɗa. Ruwan ya yi zafi, ruwan ya yi sanyi, na ja da ƙarfi, na cika jinkiri. Wata rana ya ture kwanon da ƙafa, ruwan da na sha wahalar tafasawa ya malale a ƙasa. Na tashi na koma murhu na sake hura wuta. Ina fifitawa ina hawaye, ban san ko na hayaƙi ne ba ko nawa ne.

A sati na biyu mahaifiyarsa ta zo daga ƙauye. Iya mace ce mai kirki, ba mu taɓa samun saɓani ba, kuma zuwanta ya rage mini ɗawainiyar yara. Amma da ta ga yadda nake wanke ciwon kullum sai ranta ya ɓaci.

"Ke 'yar nan, yaya ciwo zai warke kullum ana jiƙa shi? Ai bushewa yake so."

Na ce, "Iya, haka malamin asibiti ya ce."

"Malamin asibiti ne ya haife shi?"

Ta zo da wani garin sassaƙe a ƙulle a gefen zanenta, ta ce da shi ta warkar da ciwukan 'ya'yanta duka. Na roƙe ta ta bari tukuna. Ta ce to. Kwana biyu bayan haka na tafi rijiya, da na dawo na tarar an kwance gwiwar an barbaɗa garin, ya yi baƙi ƙirin a kan ciwon. Malam ya kawar da kai bai dube ni ba. Na san ba zai iya ce wa mahaifiyarsa a'a ba, ni ma ba zan iya wankewa a gabanta ba. Haka ya kwana.

Bayan kwana uku gwiwar ta kumbura, ta yi zafi, tana fitar da mugunya mai wari. Ƙaluluwa ta fito masa a matsematsi, zazzaɓi ya rufe shi. Maƙwabcinmu ya ɗora shi a keke ya tura, ina biye da su a ƙafa har asibiti.

Malamin wankin ciwo ya kwance ya duba, ya ɗago ya dube ni.

"Me na ce miki?"

Na sunkuyar da kai.

"Wa ya zuba wannan?"

Na ce, "A gida ne aka zuba."

Ya yi mini faɗa sosai a gaban mutane, na tsaya na shanye. Malam ya buɗe baki zai yi magana, na girgiza masa kai. Da malamin ya matse wurin yana wankewa, sai ga wata 'yar tsakuwa kamar ƙwayar dawa ta fito daga can ciki. Ya ɗaga ta da hantsaki ya duba, ya ce, "Wannan kuma tun ranar farko take nan, ni ta ɓoye wa." Bai ƙara faɗa ba. Har yau ban san ko garin ne ya jawo kumburin ba ko tsakuwar, ko duka biyun. Aka rubuta masa allurar penisilin ta kwana biyar, kullum sai an tura shi a keke an dawo da shi.

Ban gaya wa Iya faɗan da aka yi mini ba. Ita ma ba ta sake maganar garin ba. Amma daga ranar, kafin in fito da safe sai in tarar ta riga ta hura wutar ta ɗora tukunyar.

Wata ranar kasuwa dattijon nan Bakambare ya yi sallama. Ya kawo takalmin Malam ƙafa ɗaya, ya ce ya tsince shi a cikin ciyawa yana nome gefen gonarsa, ya wanke ya ajiye har ya sami shigowa gari. Ya haɗo da kaza. Suka zauna da Malam a zaure, ya ce a majami'arsu sun yi wa malamin taki addu'a, sannan ya shiga tambayar yadda zai yi da gyaɗarsa da ganyenta ke yin rawaya. Ina jin muryar Malam daga tsakar gida, ta dawo irin tasa ta da, yana bayani yana maimaitawa. Ranar ya ci tuwo sosai.

Sannu a hankali ciwon ya fara haɗewa daga gefe, sabuwar fata ja-ja mai sheƙi tana shigowa. Sai kuma ƙaiƙayi ya zo. Ya dinga neman sosawa kamar ƙaramin yaro, ina hana shi, har na yanke masa farce. Fatar hannun ta ɗaure, ba ya iya miƙe shi sosai. Na tambayi malamin asibiti ko za a iya shafa man kaɗe, ya ce inda ya riga ya rufe a shafa, kuma a dinga miƙar da hannun kullum. Na dawo na gaya wa Iya. Ta ɗauko nata man da ta zo da shi, ta karɓi wannan aikin. Kowace yamma takan zaunar da shi ta murza hannun tana ja, yana cewa, "Iya, a hankali," tana cewa ya yi mata shiru.

Ni a lokacin na gama ƙarewa. Na rame, nonona ya ragu, ƙaramar tana ta kuka. Hannuwana sun tsattsage saboda sabulu da ruwan gishiri. Idan maƙwabta suka shigo dubiya, shi suke tambaya yaya jiki, su ce Allah ya kiyaye gaba, ai abin ya zo da sauƙi tunda ba karaya. In ce haka ne, Alhamdu lillahi. Gaskiya suka faɗa, amma ni ban ga sauƙin ba sai daga baya.

Gwiwar ce ta ƙarshe wajen rufewa. Ranar da malamin asibiti ya ce a daina naɗewa, na dawo gida na tattara bandejin nan da tsummokaran zanena na cusa a murhu. Bayan sati ɗaya aka dawo da babur daga wurin gyara, an sake masa fitila da madubi. Malam ya sa riga mai dogon hannu, don tabon ya yi ɗigo-ɗigon baƙi kuma ba ya son a yi ta tambayarsa. Ya ce Zugurma za shi, zai yi ƙoƙari ya dawo kafin magariba. Na so in ce masa wani abu game da gudu, sai na ga ba ni da ƙarfin magana. Na ce Allah ya tsare.

Da ya tafi na shiga ɗaki da niyyar in ɗan miƙe bayana kafin in ɗora abincin rana. Ban farka ba sai da ake kiran sallar la'asar. Na fito a firgice, na tarar Iya ta goya ƙaramar, babbar na zaune kusa da ita tana cin ɗanwake, miya tana kan wuta. Na fara ba ta haƙuri, ta ce in je in yi sallolina tukuna, ga nawa can a rufe.