Mujallun Yaya a Saman Kwaba

Yayana bai taɓa tara komai ba a rayuwarsa sai tsofaffin mujallu masu zane. Ba mata, ba mota, ko agogon kirki ba shi da shi. Duk Juma'a bayan la'asar yakan tafi kasuwar gwanjo ta kudancin Jidda, ya tsuguna gaban masu baza kaya a ƙasa, ya dawo da ɗaya ko biyu cikin rigarsa. Na Larabci ne, bugun Masar da Lebanon, wasu sun girme shi. Takardar ta yi ja, tana warin tsohon ɗaki. Akwai masu labarin 'yan sanda, akwai na jarumai masu tashi sama. A wasu ma masu tace littattafai sun bi hannuwan mata da baƙin alƙalami tun ranar da suka shigo ƙasar, kuma waɗannan ya fi ji da su.

A Jidda aka haife mu. Kakanmu ne ya zo aikin hajji bai koma ba. Inna, mahaifiyarmu, ba ta karatu, amma duk takardar da ta gani da rubutun Larabci a ƙasa sai ta ɗauke. Tana da gwangwani a bayan ƙofa da take tara su, in ya cika ta ƙona, kada wani ya taka sunan Allah.

Da farko ta tsani mujallun. Ta ce shirme ne, kuma kyankyasai suke jawo mata. Ran nan ta ɗauko ɗaya za ta shimfiɗa a ƙasan kwandon shara, sai ta tsaya, ta miƙo mini.

"Kai, duba min. Akwai sunan Allah a ciki?"

Na buɗe. Wani jarumi yana faɗowa daga bene, yana cewa ya Allah. Na karanta mata. Ta karɓe, ta goge bangon da gefen mayafinta. Daga ranar mujallun suka koma saman kwaba, inda ƙafa ba ta kaiwa, ta rufe su da wankakken zane. Mun yi ta dariya, ni da Yaya. Yakan ce jaruminsa ya ceci garuruwa da yawa, amma wannan ne ceton da ya fi.

Iƙamar Yaya, takardarsa ta zama, ta mutu bayan da kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, ya rufe shago. Ya yi ta lallaɓawa yana aikin dako a tashar jiragen ruwa, har 'yan sanda suka tare motar da yake ciki wata safiya. Aka tura shi Kano, garin da bai taɓa gani ba. Hausarsa ta cikin gida ce, rabi Larabci, in ya yi magana a kasuwa sai a yi masa dariya a ƙara masa farashi. Duk kiran da zai yi, bayan gaisuwa tambaya ɗaya ce: mujallun suna nan? Ya ce in ya same su zai sami wanda yake magana irin tasa. Na yi masa alkawarin zan haɗa su da wani alhaji ɗan uwanmu idan hajji ta zo.

Kafin hajji aka shafa wa bangon unguwarmu jan fenti. Za a rushe. Na sami ɗaki ɗaya a unguwar Khumra, kusa da sito ɗin da nake aiki. Motar da na ɗauko ƙarama ce, direban kuma sai yalla yalla yake yi, wai mu yi sauri. Muka loda katifu da firji da tukwane. Na ce wa Inna ta jira ni, zan dawo in kwashe saura. Ta dubi saman kwaba, ta dubi katafilar da ke cin gidan maƙwabta.

Cunkoso ya riƙe ni. Da na dawo, tun daga bakin lungu na hango hayaƙi. Na same ta a tsakar gida, zaune kan bokiti, da rabin durom a gabanta, wuta na ci a ciki. Tana ɗauko mujallun ɗaya bayan ɗaya, ta yi bisimilla, ta saka. Ba ta yaga ko ɗaya ba. Ta ƙarshe ce a hannunta, kuma kafin in kai gare ta ta shiga wutar.

Ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba sai ranar. Ta bar ni na gama.

"Na ga motar ta cika," ta ce. "Na ɗauka halas, shi ke nan, ba su da wuri. In bar su katafila ta murƙushe, masu tsintar ƙarfe su bi ta kai da takalmi? Na ga abin da aka yi wa takardun gidan can."

Fuskarta duk toka, idonta ya yi ja. Ko kaɗan ba ta ga ta yi laifi ba, har yau ma ba ta gani ba. Na ji haushinta, na ji tausayinta, na rasa wanda zan ɗauka.

Da Yaya ya kira, ita ta karɓi wayar. Ta ce masa ya kwantar da hankalinsa, ta adana masa su, babu mai taka su har abada. Na ji muryarsa yana sa mata albarka, yana dariya. Na karɓi wayar na fita waje, na gaya masa gaskiya.

Ina jin ƙarar babura a bayansa.

"Har waɗanda aka bi da baƙin alƙalami?"

Na ce har su.

"To," ya ce. "Na riga na sa kafinta ya buga min kantar da zan jera su." Sai ya ce in gaida Inna, kada in ƙara yi mata faɗa.

Yana kira har yanzu, duk Juma'a bayan la'asar. Mukan gaisa, ya tambayi zafin Jidda, in tambayi ruwan Kano. In mun zo wurin da tambayar mujallun take a da, sai mu yi shiru mu biyun, har ɗayanmu ya ce sai an jima.